Zuciyar Koci Ta Daina Jin Usur

Mutumin da ya tsufa cikin ƙoshin lafiya yakan ɗauka lafiyar ladan halinsa ce, ya riƙa kallon marasa lafiya kamar masu laifi. Haka Koci yake. Ba mugun mutum ba ne, amma ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyar da wasannin motsa jiki a makarantar sakandare, kuma a wurinsa ciwo iri biyu ne kawai: karaya, wadda yake tausaya wa mai ita, da lalaci, wanda ya haɗa duk sauran. Ya yi ritaya, kansa ya yi fari fat, amma ba wanda ya daina kiransa Koci, har matarsa in tana son tsokanarsa.

Akwai karatu guda da ya dasa wa duk ɗalibin da ya bi ta hannunsa. Yakan jera su a bakin fili da sassafe, kowa ya ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa, shi kuma yana riƙe da agogo. Wanda zuciyarsa ke gudu alhali yana tsaye, wannan rago ne, sai ya sha zagaye. Wanda tasa ke bugawa a hankali, wannan ya horu, domin zuciya mai ƙarfi ba ta gaggawa, bugu ɗaya take yi ta aika jinin da ta rago sai ta yi biyu. Karatun gaskiya ne, likitoci ma ba su musa shi ba. Tasa zuciyar tun yana saurayi ba ta wuce hamsin da 'yan kai a minti, kuma ya fi taƙama da wannan a kan duk kofunan da ke jere a falonsa.

To, a 'yan watannin nan sai bugun ya ƙara sauka, har ya kai talatin da wani abu ya tsaya. Da wani ne, tsoro zai ji. Koci murna ya yi. Ya shiga kicin da agogo a hannu ya shaida wa matarsa cewa a shekarunsa ya kamo zakarun tseren duniya, ita kuwa da take haki in ta yi shara, ta kawo hannu ya auna ta ta ji kunya. Ta ce ta gode, zuciyarta na aikinta ba tare da an tsaya mata a ka da agogo ba. Amma ta lura ya fara neman kujera in zai ɗaure igiyar takalmi, ta lura yana barcin rana, abin da a da yake kira sana'ar malalata. Ta yi magana sau ɗaya, ya ce zafin gari ne. Ta ja bakinta, don ta san halin kayanta.

Ran Laraba da safe yana gyaran fuska a gaban madubi, ita tana ninke kaya a ɗaki, sai ta ji ƙara kamar an yar da buhu. Ta same shi kwance a banɗaki, girarsa ta fashe a bakin wurin wanke hannu, fuskarsa ta yi toka-toka, idanunsa a buɗe ba sa kallon komai. Ta kira shi da duk sunan da take kiransa, bai amsa ba. Tana shirin fita neman maƙwabta sai ya ja dogon numfashi, ya dube ta ya tambaya ihun me take yi da sassafe. Ya ce santsi ne ya kwashe shi. Ta shafa ƙasa da tafin hannu, ta ji ta a bushe ƙamas.

Ya yarda a je asibiti, amma don ɗinki kawai. Ran Asabar tsohuwar makarantarsa za ta buɗe sabon filin tsere, an kuma gayyace shi ya yi zagayen farko a gaban tsofaffin ɗalibansa. Har an aiko masa da riga mai sunansa a baya, ya gwada ta ya fi a ƙirga. Ba ya son ya bayyana gaban jama'a da gira a buɗe.

Ɗakin da aka tura su yana hawa na biyu. Ga lif a buɗe yana jira, matarsa ta shiga, shi ya ce wannan akwatin na masu juna biyu ne da masu karaya, ya nufi matakala. Dole ta fito ta bi shi. A tsakiyar hanya ya tsaya ya riƙe ƙarfe, ya ƙura wa wata takarda da ke bango ido kamar bai taɓa karanta yadda ake wanke hannu ba. Ta tsaya bayansa, hannunta a buɗe kusa da ƙugunsa.

Nas ɗin da ta karɓe su babbar mace ce mai yawan raha. Ta maƙala masa ɗan matsen nan mai auna bugun zuciya a yatsa, ta dubi lambar da ta fito, ta canza yatsa, ta sake duba. Daga nan ta cire shi ta kama wuyan hannunsa da nata yatsun. Koci yana kallonta yana murmushi.

Ya ce, "Kada ki wahalar da na'urarki, 'yar nan, daidai ta faɗa. Talatin da shida. Kuma yanzun nan na hawo bene da ƙafata, ko gezau ba ta yi ba."

Rahar nas ta ragu. Ta juya wurin matar ta tambayi yadda ya faɗi, matar ta faɗa mata tiryan-tiryan, har da bushewar ƙasa, duk da hararar da yake aika mata. Nas ta rufe girar da auduga, ta ce ɗinki zai jira, ya cire riga ya hau gado. Ya ce gira ya kawo, ba ƙirji ba. Ta ce, "Baba, ranar wanka ba a ɓoye cibi," ta ci gaba da liƙa masa wayoyi a ƙirji da hannuwa da ƙafafu. Na'urar gwajin zuciya ta yi ɗan ƙugi ta turo takarda ruwan hoda mai ƙananan gidaje, baƙin layi yana hawa da sauka a kanta. Ya tambayi abin da na'urar ta rubuta a sama, nas ta ce ta rubuta bugu a hankali. Ya dubi matarsa ya ce to ta ji, ƙarfe ma ya shaida. Nas ta yage takardar ta fita da sauri, irin saurin da ba gudu ba ne don kada a tsorata mutane.

Likitar da ta dawo tare da ita gajeruwa ce mai tabarau. Tana shigowa ta tsaya cak, sannan ta russuna ta gaishe shi da Malam. Ya ƙanƙance ido ɗayan da ba a rufe ba ya dube ta da kyau, sai ya fashe da dariya. Tsohuwar ɗalibarsa ce da yake kira Kunkuru. Yarinyar da ba ta taɓa zuwa ta biyun ƙarshe a tsere ba, kullum ita ke rufe ƙofa, wadda ya sa ta zagaye fili har ya gaji da sa ta. Ya tambaye ta ko har yanzu sai an tashi daga fili take isowa, ta ce har yanzu, shi ya sa ta nemi aikin da masu gudu ke zuwa su same ta a zaune. Matarsa ma ta yi dariya, karo na farko tun safe.

Da likita ta dubi takardar, dariyar ta ƙare. Ba ta ko kalli rubutun na'urar ba. Ta ce wa nas a sake fitar da layi ɗaya mai tsawo, a haɗa shi da allon da ke nuna bugu, a sa masa allurar ruwa a hannu, a jawo keken kayan gaggawa kusa da gado. Ta tambaye shi ko yana shan maganin hawan jini ko na zuciya, ko yana ɗiga wani magani a ido, ko ya ji ciwon ƙirji. Ya ce shi da ƙwaya sai dai ya gan ta a hannun wasu. Ta sa aka ɗebi jininsa. Sannan ta jawo kujera ta zauna daidai kansa, ta gaya masa ba tare da kwana-kwana ba cewa ba zai koma gida yau ba. Hanyar da ke kai saƙo daga saman zuciyarsa zuwa ƙasanta ta yanke gaba ɗaya. In gwajin jini bai nuna wani dalilin da za a gyara ba, sai an sa masa 'yar na'ura mai batir a ƙarƙashin fatar ƙirji, ta riƙa isar da saƙon.

Koci ya tashi zaune, wayoyi na reto a jikinsa, ya buɗe aji. Ya ce matsalar likitocin yanzu ba su saba ganin lafiyayye ba, kullum cikin ragwaye suke, shi ya sa in sun ga zuciyar da ta horu sai su ɗauka ciwo ce. Ya ce tun ba a haife ta ba yake auna bugun zuciya, kuma abin da babba ya hango, yaro ko ya hau bene ba zai hango ba. Batir kuwa sai a sa wa rediyo. A ɗinke masa gira, yana da zagaye ran Asabar.

Ta bar shi ya kai aya, kamar yadda take yi tana ɗaliba. Sannan ta ce, "Malam, tambaya ɗaya, daga karatunka. In ɗan tseren da ya horu ya hau bene, me zuciyarsa ke yi?"

"Tashi take yi. Ta tashi, in ya huta ta sauka da wuri. Wannan ko ɗan aji ɗaya ya sani."

"Taka ta tashi?"

Shi da bakinsa ya yi shelar cewa ko gezau ba ta yi ba. Watanni yana auna ta bayan tafiya da bayan hawa, yana samun lamba ɗaya, yana ɗauka ƙarfi ne. Ya riƙe rabin karatunsa ya yar da rabi, domin rabin da ya riƙe shi ne mai daɗi. Wannan kuskure ba na jahili ba ne. Jahili da ya ji jiri da tuni ya zo asibiti.

Likita ta shimfiɗa doguwar takardar a kan cinyarsa. Ta tuna masa atisayen da yake sa su: ya busa usur, su yi tsalle, ya busa, su yi tsalle. Ta nuna masa wani ɗan tudu ƙarami a kan layin ta ce wannan shi ne usur, saman zuciya ke busa shi. Ta nuna dogon tsinin da ya miƙe sama ta ce wannan shi ne tsallen, ƙasan zuciya ke yin sa, shi ne kuma bugun da yake ji a wuyan hannu. A zuciyar da ta horu, komai jinkirinta, kowane usur yana da tsallensa a bayansa, tazararsu ɗaya ba ta canzawa.

Ta ɗauki farar takarda ta ɗora gefenta a kan layin, ta yi ɗigo da biro daidai kan 'yan tudu uku da ke jere, sannan ta riƙa jan takardar gaba. Duk inda ta ja, ɗigon sai ya sauka kan tudu. Inda ba a ga tudu ba, ta nuna masa yadda ya ɓuya a cikin dogon tsini ya ɗan lanƙwasa shi. Usur bai fasa ko sau ɗaya ba, kuma da sauri yake busawa, ya haura tsallen ninki biyu.

Ta ce, "Ka gani, Malam, saman ya san ka hau bene. Kira yake ta yi. Ƙasan ne ba ya ji."

Ya ce to in ba ya ji, wa ke yin tsallen? Ta ce Allah ya ajiye wa zuciya ɗan benci, wato ɗan wasan canji, a can ƙasa, wanda in saƙo ya yanke yakan tashi ya riƙa bugawa da nasa lissafin, a hankali, ba ruwansa da gudu ko hutu. Shi ne talatin da shidan da yake taƙama da shi. Ɗan benci kuwa ba a yi shi don ya buga wasa duka ba. Yakan tsaya ba sallama, in ya tsaya jini ba ya kai wa ƙwaƙwalwa. Da safe ya tsaya ya dawo. Ba ta da tabbacin zai dawo a karo na gaba.

Koci ya miƙa hannu ya karɓi biron. Duk taurin kansa, akwai abu ɗaya da bai taɓa yi ba: bai taɓa yi wa awo ƙarya ba. Ya taɓa fitar da ɗan cikinsa daga tseren ƙarshe a gaban iyaye don ya riga usur tashi, suka yi mako ba sa magana a gida. Ya sa matarsa ta ciro masa tabarau daga jaka, ya yagi wata farar takarda, ya yi ɗigo a kan tudu, ya yi wani a kan tsinin da ke binsa. Ya ja zuwa tsini na gaba, tazarar ta yi masa gajarta. Ya ja gaba, ta yi tsawo. A na gaba tudun ma bayan tsinin ya faɗo. Ya koma farko ya sake, yana neman wuri biyu kacal da za su yi daidai ya kafa hujja da su. Ba wanda ya katse shi. Nas ta tsaya da allura da zare a faranti tana jira, allon da ke kansa yana ƙara jefi-jefi, tsakanin ƙara da ƙara har mutum ya fara zaton ba za a sake ba.

Ya ajiye biron. Ya ce ya gani, ba sa tare. Amma ya ce a bari sai bayan Asabar, zai yi zagayen a hankali, ko da tafiya ce, ran Litinin ya kawo kansa da ƙafarsa. Likita ta ce ba za ta ɗaure shi ba, ba ta da wannan ikon, amma ba za ta yi masa ƙarya ba: ba ta iya lamunce masa daren yau ma, balle Asabar. Ya ce mutane sun taso daga nesa dominsa. Ya fara laluben rigarsa a gefen gado.

Matarsa ce ta riga shi ɗauka. Ta ninke ta ta ɗora a cinyarta ta danne da hannu biyu. Ba ta ɗaga murya ba.

Ta ce, "Baban yara, kai ba ka ga fuskarka da safe ba, ni na gani. Na kira ka ba ka nan. Ka sa ni na hau bene a bayanka ina tara hannu kamar mai jiran yaro ya faɗo daga bishiya. In ka fita daga ɗakin nan, haka zan yi ta binka har Asabar, kuma ba ni da ƙarfin da zan tare ka."

Ya dube ta, ya dubi hannuwanta da suka danne rigar. Tun da suka yi aure bai taɓa ganin ta tare masa hanya haka ba. Ya koma ya jingina da matashi a hankali. Da ya yi magana, ba muryar fili ba ce, kuma bai ce Kunkuru ba.

Ya ce, "Likita, gaya mini gaskiya. Me na yi ba daidai ba? Ban sha taba ba, ban yi ƙiba ba, ban fasa atisaye ba."

Nan ne ciwon yake, ba a gira ba, ba ma a ƙirji ba. Mutumin da ya shekara yana cewa ciwo lalaci ne, ranar da ciwo ya zo masa ba shi da inda zai ajiye shi sai a kan kansa.

Ta ce, "Ba ka yi komai ba, Malam. Naman zuciyarka ka horar da shi, kuma ina sa ran hoto zai nuna yana da ƙarfi. Wayar ce ta tsufa, ita kuwa ba a horar da ita. Tana yankewa ga rago, tana yankewa ga zakara."

"Ba lalaci ba ne?"

"Ba lalaci ba ne."

Ya share gefen idonsa da bayan hannu ya ce audugar nan ce ke sa masa ƙaiƙayi. Ya tambaya ko mai batir yana gudu. Ta ce in ciwon ya warke zai yi tafiya, zai yi sassarfa, sai dai ba wannan Asabar ba, kuma zai yi 'yan makonni ba ya ɗaga hannun hagu sama da kafaɗa. Ya yi tsaki ya ce wa matarsa ta kira shugaban makarantar ta ce masa ya nemi wani. Ta tambaya me za ta ce ya hana shi. Ya yi kamar zai ce tafiya ce ta kama shi, sannan ya ce ta ce yana asibiti, zuciya ce. Ya juya wurin nas ya ce ita kuma ta zo ta yi ɗinkin nan da ta tsaya tana riƙe da faranti kamar mai talla.

Gwajin jini bai nuna komai ba. Washegari da hantsi aka shiga da shi ɗakin tiyata, aka kashe masa wurin da allura, idonsa biyu aka yi aikin, har yana gaya wa wanda ke tsaye kansa cewa tsayuwarsa ba kyau, zai yi ciwon baya. Da la'asar yana kwance a ɗakin jinya, ƙirjinsa na hagu da ɗan bandeji, barci na fizgarsa. Matarsa ta tashi za ta ja masa bargo, hannunta ya taɓa tafin ƙafarsa, sai ta tsaya. Ta kama ƙafar da hannu biyu, ta kama ɗayar.

Ya buɗe ido ya tambaya me kuma ya faru. Ta ce ba komai, ɗumi ta ji. Watanni ke nan ƙafafunsa kamar ƙanƙara, in sun taɓa ta a gado har farkawa take yi, ba ta dai faɗa ba don ta san zai ce nata jinin ne ya yi yawa.

Ya ce ta sake masa ƙafa, mutane na kallo. Ba ta saki ba, shi ma bai janye ba.